Amsa: daga ina Goblet ya samo sunan Alviella?

Malam, ka tambaya ta yaya ɗan Beljiyam ya ɗauki sunan Fotugal. Albert Goblet injiniyan soja ne, haifaffen Tournai a 1790. Ya fara aiki a rundunar Napoleon a Sifen, amma a Waterloo, 1815, yana ɓangaren Holan yana yaƙar tsohon maigidansa. Bayan juyin juya halin 1830 da ya raba Beljiyam da Holan, ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta sabuwar Beljiyam, sannan ta harkokin waje a 1832. A ganina nan ya fi ƙwazo, domin a lokacinsa aka ƙulla yarjejeniyar 1833 da ta tsayar da faɗa da Holan. Sunan kuwa, sarauniya Maria II ta Fotugal ce ta ba shi sarautar Alviella lokacin da yake jakada a Lisbon.