Zumurrudu ko akwamarin: da wanne zan fara?

Tambaya: Ina sayar da zobba, 'yan kunne da sarƙoƙi na zinariya da azurfa. Masu saye sun fara neman kaya masu duwatsu masu launi, musamman zumurrudu, ga shi jarina bai taka kara ya karya ba. In saro zumurrudun kai tsaye, ko in fara da wani dutsen?

Amsa: Malama, kada ki fara da zumurrudu. Riba kam akwai a cikinsa, amma shi ne ya fi saurin cinye jarin sabon shiga.

Zumurrudu ɗaya ne daga dangin duwatsun da ake kira beril. Asalinsu ɗaya, launi ne ya raba su: sinadarin kromiyam ko banadiyam ke mai da zumurrudu kore, ƙarfe ke ba akwamarin shuɗinsa, manganis kuma ya sa moganait ruwan hoda. Taurinsu 7.5 zuwa 8 a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, don haka ba sa saurin karcewa. Sai dai karcewa daban, fashewa daban. Zumurrudu kusan kullum da tsage-tsage a cikinsa yake fitowa daga ƙasa, har na Kolombiya da Zambiya da ake ji da su. Shi ya sa ake cike tsagar da mai ko danƙo don ta ɓuya. Kasuwa ta yarda da hakan muddin an faɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne, duwatsu biyu za su yi kama a ido, ɗaya an ɗan taɓa shi da mai, ɗayan an ɗura masa sosai, kuma kuɗinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Ranar da man ya bushe, ko maƙeri ya kai wuta kusa da dutsen, tsagar ta bayyana, ke za a dawo wa da zoben, ba dillali ba. Ga kuma na haɗi, wanda ake yi a ɗakin gwaji tun shekarun 1930, da ido kawai ba ya rarrabewa.

Akwamarin ya fi sauƙin sha'ani. Yawanci garau yake, ana samun manyansa, kuma gashin da ake masa da wuta don kore-koren ya fita ba ya komawa. Abin lura biyu ne. Ana sayar da shuɗin tofaz da sunansa, alhali tofaz ya fi araha. Alamarsa nauyi, domin tofaz yana ninka nauyin ruwa sau 3.5, beril kuwa kusan 2.7. Sannan akwai beril mai shuɗi sosai da ake kira Maxixe, wanda launinsa ke koɗewa idan ya sha rana. Moganait ma ya dace da mai farawa, yana hawa jar zinariya ƙwarai.

Wajen sari, ki nemi duwatsun da aka yanka a girman da maƙera suka saba, bibbiyu masu launi ɗaya saboda 'yan kunne. Da karat ake ciniki, karat 5 giram 1 ne. Ki duba kaya da hasken rana, ba fitilar mai shago ba, ki riƙe gilashi mai ƙara girma sau 10, kuma a rubuta miki a rasit sunan dutsen da gyaran da aka yi masa. Wanda ya ƙi rubutawa, ki bar masa kayansa.

Zumurrudu kuwa sai an yi oda an ba da kafin alƙalami. Idan kuɗinsa ya yi nauyi, a haɗa da takardar shaida daga ɗakin gwaji irin GIA ko Gübelin, wadda ke nuna yawan man da ke ciki. Ki ba mai saye shawarar abin wuya ko ɗan kunne, domin zobe ne ke shan bugu.

Kuma kada ki ce wa kowa dutse ajiya ne kamar zinariya. Zinariya na da farashin duniya kullum, a auna a biya. Dutse sai ya sami mai so, kuma wanda ya matsu ya sayar yakan faɗi. Saboda haka ki lissafa kuɗin zinariyar da ke jikin kaya daban, na dutsen daban, tun ranar sari.