Shin rage hayaƙi zai hana Damagaram arziki?

Tambaya: Malam, kullum a rediyo ana cewa mu rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mu da ba mu gama samun wutar lantarki ba, ga matatar manmu tana aiki, wannan ba hana mu ci gaba ba ne? (Wani mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram)

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya. Hayaƙin mai da gawayin ƙasa da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tan guda ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 10. Saboda haka babu mai hujjar ce mana mu zauna a duhu. Sai dai tamu ɓarnar ta fi yawa a daji da murhu, kuma a nan ne gyara yake kawo kuɗi.

Ka bi hanyar Mirriya zuwa Matamaye da Magariya, ka dubi gonaki. Bayan farin 1984 wuraren nan sun yi fayau. Manoma suka koma ga abin da ake kira sassaben zamani: idan kututture ya yi toho ba a sare shi duka, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, shi ya sa itacen ke saurin tashi ba tare da ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Gawo ne sarkin wannan aiki. Da damina yake zubar da ganye, don haka inuwarsa ba ta danne hatsi, ganyen kuma ya zama taki. Ka tsaya gindinsa a watan Agusta, za ka ga geron wurin ya fi na nesa duhun ganye da kaurin kara. Da rani ƴaƴansa abincin awaki ne, mata na tsinta su kai kasuwa. Itacen nan da ya cika rumbu shi ne kuma yake zuƙe gurɓatacciyar iskar ya adana a jikinsa.

Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana iya tace ganga 20,000 a rana, har da gas ɗin girki. Gas ma yana fitar da hayaƙi, amma ni ina goyon bayansa, domin kowace tukunyar gas da ta shiga gida ta rage amalanken itacen da ke shigowa gari, ta kuma raba uwargida da hayaƙin da ke cin idanu da ƙirji. Matsalar ita ce kuɗin sayen tukunyar farko, kuma nan ya kamata tallafi ya dosa.

Batun lantarki kuma, ka tuna 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta, masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Rana kuwa ba mai yanke mana ita. Mai lambu a Gidimuni da ya sa famfon sola ya huta da sayen mai kullum, sai dai kuɗin kafa shi ya fi ƙarfin ƙaramin manomi idan babu bashin da zai biya bayan ya ɗebe amfani.