'Yancin kai ko cin gashin kai? Tambaya kan labaran Yammacin Sahara

Wata mai karatu daga Maraɗi ta rubuto: "Malam, a labaran Yammacin Sahara sai in ji Maroko na tayin cin gashin kai, Polisario kuma na neman 'yancin kai. Ba abu ɗaya ba ne?"

Malama, a hirar zaure kusan ɗaya ne. A wannan rikici kuwa, tazarar da ke tsakaninsu ita ce rigimar baki ɗaya.

'Yanci daga "ɗa" ya fito, wato wanda ba bawa ba. Shi ya sa ku a yankinku kuke cewa ɗiyauci. Ƙasa mai 'yancin kai tana da tutarta da sojanta, ita ke ƙulla hulɗa da waje. Abin da Polisario, ƙungiyar da ke fafutukar 'yancin Sahrawa, wato mutanen yankin, ta shelanta ke nan ranar 27 ga Fabrairu 1976, bayan Sifaniya, wadda ta yi wa yankin mulkin mallaka, ta tattara nata ya-nata.

Gashin da ke cikin cin gashin kai ba na aski ba ne, na gasawa ne: ka gasa namanka, ka ci abinka. Yaron da ya buɗe shagonsa yana cin gashin kansa, amma har yanzu a gidan ubansa yake kwana. Tayin da Maroko ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya a 2007 haka yake: majalisa da gwamnatin yanki, amma tuta da tsaro da harkokin waje su zauna hannun Rabat. Mai fassarar da ya musanya kalmomin nan ya yanke hukunci bai sani ba. A ganina ma ya kamata 'yan jarida su riƙa cewa "ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai", don a Hausar yau da kullum kalmar kan kai har ga cikakken 'yanci.

Akwai kalma ta uku da aka fi tuntuɓe da ita: mubaya'a, wadda Bahaushe ke kira caffa. A 1975 Kotun Duniya ta ce lalle wasu ƙabilun yankin sun yi wa Sarkin Maroko caffa, amma hakan bai zama mallakar ƙasar ba. Maroko ta riƙe rabin farko, Sahrawa suka riƙe na biyu. Caffa wuyan mutum take ɗaurewa, mallaka kuwa ƙasa take bi.

A kula da "'yan aware" ma. Sai wanda ke ciki yake warewa, don haka kiran Polisario da sunan amincewa ne da cewa yankin na Maroko ne, kamar yadda Amurka ta yi a Disamba 2020. Cewa "mamaya" kuma hawa layin Polisario ne, wadda Najeriya ta amince da jamhuriyarta tun 1984. "Yankin da ake taƙaddama a kai" ya fi tsira.

Wani kuma daga Kumasi ya tambayi karin maganar da ta dace. Masu goyon tayin Maroko za su ce da babu gara ba daɗi, tunda ƙuri'ar raba gardamar da aka yi alkawari lokacin tsagaita wutar 1991 ta maƙale kan wa ya cancanci jefawa. Sahrawa mazauna sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya za su amsa da kayan aro ba ya rufe katara: ikon da sarki ya ba da, sarki na iya karɓewa. Katara ita ce saman cinya wajen ƙugu, inda zanen aro kan gaza.