Fatawa: Hukuncin Ƙungiyar da Aka Damƙa wa Rabon Abincin Tallafi

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai a yankin Kurna, a nan Kano. Wata gidauniya da ke tattara gudummawar 'yan kasuwa ta zaɓe mu, tare da wasu ƙungiyoyi na wasu unguwanni, domin mu riƙa raba mata abinci ga magidanta masu ƙaramin ƙarfi idan abu ya yi tsanani. A wannan karon an ba mu kason gida 200, an ce mana geron zakkar wasu manoma ce, shinkafa da man girki kuma sadaka ce. Ba a haɗo mana da kuɗin mota da na 'yan dako ba, don haka wasunmu suka ce a sayar da buhu biyu a biya. Samarin da ke wahala tare da mu suna ganin suna da kaso, tunda Alƙur'ani ya ambaci ma'aikatan zakka. Masu faɗa a ji suna aiko mana da sunaye, muna da maƙwabta Kiristoci masu buƙata, kuma gidauniyar ta ce lallai mu tura hoton duk wanda ya karɓa. Mene ne ya halatta mana a cikin wannan duka?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya tun kayan suna sito, domin mafi yawan masu irin aikinku sai an gama rabo an kakkaɓe buhu suke zuwa neman hukunci. Tsadar abincin da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta jefa magidanta da yawa a garin nan cikin halin da ba su taɓa zaton za su shiga ba, don haka aikin da kuka ɗauka yana da girma, kuma hisabinsa ma yana da girma.

Asalin tsarin da kuka bi halal ne, shari'a ma tana son sa. Shehu Halilu ya faɗa a cikin Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun mazhabarmu ta Malikiyya, cewa mustahabbi ne mai zakka ya wakilta wani ya raba masa, wani lokaci ma hakan yakan zama wajibi, kuma masu sharhi sun bayyana cewa yakan wajaba ne idan mai dukiyar bai san waɗanda suka cancanta ba, ko yana jin tsoron riya a kansa. Ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari ko Singa bai san wace bazawara ce a lungun Kurna ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, ku kuwa kun sani. Haka Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya yi a shekarar fari ta 18 bayan hijira, lokacin da abinci ya zo Madina daga Sham: ya naɗa mutane su kula da waɗanda yunwa ta koro gefen gari, su ƙidaya su, su raba musu.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne matsayinku a cikin wannan tsari. Ku wakilai ne, hannunku hannun amana ne, kuma wakili ba ya tsallake iyakar da wanda ya wakilta shi ya gindaya masa. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 58, yana umartar ku da ku mayar da amanoni ga masu su. A hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ma'aji Musulmi amintacce, wanda yake bayar da abin da aka umarce shi cikakke, da daɗin rai, ga wanda aka ce ya ba, shi ma ɗaya ne daga masu sadakar. Ka ga ladanku ya kai na attajirin da ya fitar da kuɗinsa, amma an rataya shi a kan cika mudu da kai kaya inda aka ce a kai. Duk sauran amsoshin daga nan suke fitowa.

Sayar da buhu biyu domin biyan mota da 'yan dako bai halatta gare ku ba da ra'ayin kanku. Game da geron zakka, malaman mazhabarmu sun yi magana a kan kuɗin ɗaukar zakka zuwa wani wuri mai nisa, suka ce a biya daga baitulmali, idan babu kuma a sayar da ita a inda take a sayi irinta a inda za a raba, wato sun gwammace wannan wahala a kan a gutsiri rabon talaka a biya ladan ɗauka. Game da shinkafa da mai kuwa, tunda sadaka ce, magana tana hannun masu ita. Ku kira gidauniyar ku gaya mata adadin kuɗin da ake buƙata. Idan ta aiko, shi ke nan. Idan ta ba ku izini a rubuce ku sayar da wani adadi sananne daga kayan sadakar, ya halatta gwargwadon izinin. Idan ta ƙi duka biyun, ku yi karo-karo a tsakaninku ko ku nemi wani mai hali ya ɗauki nauyi. Ina kuma jan hankalin masu gidauniyoyi cewa tura kaya ga ƙaramar ƙungiya ba tare da kuɗin sufuri ba sakaci ne da ke tura mutanen kirki zuwa ga taɓa amana, alhali abin da aiki ba ya cika sai da shi yana kan mai aikin.

Maganar samarinku tana buƙatar a tsaya a kanta, domin shubuhar tana da ƙarfi a wajen mutane. Gaskiya ne aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa ma'aikatan zakka cikin kaso takwas, kuma ana ba ma'aikaci ko da mawadaci ne. Amma ma'aikacin da malaman fiƙihu ke nufi shi ne wanda shugaba ya naɗa ya karɓo zakka ko ya raba ta, kuma a jihar nan waɗanda suka fi kusa da wannan siffa su ne jami'an Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003. Wanda wani mai dukiya ko wata gidauniya ta wakilta kuwa, ladan aikinsa yana kan wanda ya sa shi, idan sun yi yarjejeniyar lada, ba ya fita daga cikin zakkar. Saboda haka babu wani kaso mai suna kason ma'aikata a cikin kayan nan. Saurayin da yake da iyali kuma yake cikin talauci na gaske yana iya samu saboda talaucinsa, sai dai malamai sun yi saɓani a kan wakili ya ɗiba wa kansa, wasu sun yarda gwargwadon abin da irinsa zai samu, wasu sun hana sai da izini. Abin da nake ba ku fatawa da shi shi ne kada kowa ya rubuta sunan kansa. Wasu daban su tantance shi kamar yadda ake tantance kowa, a ba shi daidai da na kowa, a kuma sanar da gidauniyar. Wanda ya wuce haka ya tuna hadisin Adiyyu bin Amira a cikin Muslim, cewa wanda aka sa shi aiki ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar ƙiyama a matsayin ha'inci. Karɓar na goro daga wanda aka ba kaya, ko sanya kuɗin kati a kan talaka kafin a rubuta sunansa, ya fi wannan muni, kuma ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya yi tir da hakan, ta isa hujja.

Sunayen da ake aiko muku kala biyu ne. Idan mai unguwa ko limami ko dattijan layi suna shaida ne cewa gidan wane yana cikin hali, wannan abu ne mai asali, domin a hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito an ambaci mutum uku masu hankali daga mutanen mutum su shaida cewa talauci ya same shi. Ku amfana da saninsu, sun fi ku sanin wasu gidajen. Amma idan takarda ce ta magoya bayan wani ɗan siyasa, ko kaso ake nema domin matsayi, to ku mayar da ita cikin ladabi, ku ce kayan ba naku ba ne balle ku yi alfarma da su. Haka danginku: an karhanta wa wakili ya keɓance danginsa ko dangin mai dukiya, kuma wanda ciyar da shi yake wuyansa, kamar matarsa da ƙananan 'ya'yansa, ba ya ba su zakka ko kaɗan. Da yake gida 200 ba za su ƙure mabuƙatan Kurna ba, mustahabbi ne ku fara da wanda ya fi matsuwa. A nan ne nake jin tsoron ku yi kuskure ba da niyya ba, domin wanda ya fi matsuwa sau da yawa ba ya zuwa. Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta siffanta waɗanda wanda bai san su ba yake zaton mawadata ne saboda kamewarsu, kuma garin nan cike yake da su: tsohon malamin makaranta da ke jiran fansho, matar da mijinta ya tafi nema ya daina aike kuma ba ta fita, dattijon da kunya ba za ta bar shi ya bi layi tare da sa'o'in 'ya'yansa ba. Ku sa mata amintattu daga cikinku su shiga gidaje su gano irin waɗannan. Wanda kuma ya zo da kansa ya ce yana da buƙata, ƙa'idar mazhabarmu ita ce a gaskata shi sai idan akwai abin da ke sa shakka, don haka kada tantancewa ta koma tonon asiri.

Maƙwabtanku Kiristoci ba a ba su daga geron zakka, domin hadisin Mu'azu ya nuna ana karɓar ta daga mawadatan Musulmi a mayar wa talakawansu. Shinkafa da mai kuwa ya halatta a ba su, da hujjar aya ta 8 ta Suratul Mumtahana da haƙƙin maƙwabtaka, matuƙar masu sadakar ba su taƙaita ta ga Musulmi ba. Wannan ya sa dole ku ware geron daban a sito da kuma a takarda. Idan wata rana kayan gwamnati ne suka biyo ta hannunku, daga hukumar agajin gaggawa ta jiha ko ta tarayya, to na duk ɗan ƙasa ne mabuƙaci, kuma hana wani saboda addininsa cin amana ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya tsallake shi ba, wato yadda za a yi rabon. A watan Maris na 2024 an rasa rayuka a Bauchi a turmutsutsun karɓar zakka, a watan Disamba na shekarar kuma irin haka ta faru a Ibadan da Abuja da Okija ta jihar Anambra, kuma da yawan waɗanda suka mutu mata ne da yara. Bayan wannan babu wanda zai ce bai san haɗarin ba. Yin shela a tara mayunwata a fili ɗaya a bayan ƙofa ɗaya bai halatta ba matuƙar ana rinjayar da zaton cutarwa, domin Annabi ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ku raba kati tun kafin ranar, kowane rukuni da lokacinsa, mata daban maza daban, ku sanar da jami'an tsaro da 'yan Hisba, tsofaffi da marasa lafiya da masu kunya kuma a kai musu har gida a a-daidaita-sahu.

Batun hoto yana da fuska biyu. Gidauniya tana da haƙƙin ta tabbatar kayanta sun isa, kuma bai kamata ku ji haushin hakan ba, domin kariya ce gare ku daga zargi. Sai dai ana samun wannan tabbaci da sa hannu ko dangwale, da lambar waya, da shaidar mutum biyu, da zuwan wakilinta wurin rabo. Ɗaukar fuskar matar aure tana riƙe da ƙullin shinkafa a watsa a Facebook kuwa yana cikin cutarwar da aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta ce tana ɓata sadaka, kuma yardar da mai yunwa ya bayar alhali abincin yana hannunka ban ɗauke ta yarda cikakkiya ba. Ku rubuta wa gidauniyar wannan. Idan hoton na ajiya ne a ofis kawai, ya halatta ga wanda ya amince, ba tare da an hana wanda ya ƙi rabonsa ba. Idan na talla ne, ku ɗauki hoton kaya da na masu aiki, ku bar fuskokin mabuƙata.

Kada ku jinkirta rabon domin jiran wani babba ya zo ya ƙaddamar, musamman geron, domin zakka ana gaggauta ta da zarar ta fita. Abin da ya salwanta a hannunku ba tare da sakaci ba babu ramuwa a kanku, amma idan kuka bar buhuna a ɗakin da ke yoyo, ko kuka riƙe su har ƙwari suka ci, za ku biya. Kason wanda aka nema ba a samu ba kuma ba ya komawa ga 'yan kwamiti: ku tanadi sunayen wasu gidaje da aka riga aka tantance, ku ba na gaba a cikinsu, ku rubuta canjin a rahoton da za ku miƙa wa gidauniyar.

Allah ne mafi sani.