Shamuwa, 'yan cirani, da tsuntsun da ya ja ruwa

Wata ɗaliba daga Mirriya ta rubuto ta ce: "Malam, littafinmu na Faransanci ya ce tsuntsaye na dawowa a farkon printemps, malaminmu kuma ya fassara mana shi da bazara. Ni kuwa ban ga tsuntsun da ya dawo a watan Maris ba. Ko fassarar ce da gyara?"

Ɗiyata, idonki bai yi miki ƙarya ba. Malaminku ma bai yi laifi ba, aron kalma ya yi, don Hausa ba ta da sunan da ya hau daidai kan wannan lokaci na Turawa. Mu bazara muka sani: zafi ya kai zafi, rijiya ta ja baya, hadari ya haɗu da la'asar ya watse ba ɗigo. A Faransa kuwa, cikin waɗannan watanni sanyi ne ke sakin ƙasa, itatuwa na toho.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne kalmar "dawowa". Ki saurari wasalin ƙarshe a dawo, komo, kawo, shigo, fito. Wannan o ɗin yana janyo aikin zuwa inda mai magana yake tsaye. Wanda ya rubuta littafinku a Turai yake, shi ya sa a bakinsa tsuntsayen sun komo. Ke da ke Damagaram sai ki ce sun koma. Agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ake gani a tafkin Gidimuni da na Lasuri tun bayan kaka, da yawansu baƙi ne daga arewa. Maris na kamawa sai su tara kitse su tsallaka Sahara, su je can su yi ƙwai.

Ina jin 'yan rediyo na ce musu "tsuntsaye masu ƙaura", kuma kunnena bai taɓa amincewa ba. Ƙaura tashi ce da komatsai ba niyyar waiwaye. Hijira kuma gudun fitina ce, ko tafiya don addini. Kalmar da ta dace tana nan a bakin kowa: cirani, wato cin rani, ka je wani wuri ka cinye rani kana neman abin kai, lokaci ya yi ka koma gida. Yadda samarinmu ke sauka Kano bayan an ɗaure dawa, haka waɗannan ke sauka wurinmu.

Turawan ma sun daɗe suna ruɗu kan inda tsuntsayensu ke shiga, har wasu na cewa tsattsewa cikin laka take kwana sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar 'yar'uwar shamuwa kusa da Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta tsallaka hamada. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock.

Wani dattijo daga unguwar Birni ya aiko jikansa da tambaya: "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ba shamuwa ake nufi ba?"

Baba, Allah ya ƙara girma, na ga inda tunanin ya fito, amma karin maganar ba ta kama sunan kowa ba. Mai tono fitina ake yi wa ita, cewa a kansa za ta fara sauka. Ita kuwa shamuwa ba jan ruwa take yi ba, binsa take yi. Abincinta fara ne da tsutsa, su kuma sai ƙasa ta jiƙe suke yawaita. Idan damina ta ɗauke a nan, sai ta bi ta kudu, har Zambiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, inda ruwansu ke sauka lokacin da muke rawar ɗari. Wajen Afrilu zuwa Mayu ta komo.

Ga wadda za mu ce wa "ta komo" da cikakken baki, don a nan take sheƙa. Ina yaro akwai tsamiya a ƙofar gidanmu da ba ta rabuwa da su. Wata safiya kawai za ka ga baƙin tsuntsu mai farin ciki ya sauka da kara a baki, fuskarsa shuɗiya da ɗan ja kusa da ido. Kafin mako ƙarƙashin itacen ya yi fari fat da kashi, mata na mita suna janye tabarma. Amma yaro ya kuskura ya ɗaga danƙo, kunnensa zai gaya masa. Ranar da shamuwa ta sauka kakana zai sa a buɗe rumbu a ware iri, a kai sungumi maƙera, masu gaggawa har su fara binne. Su Turawa sun laƙa mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a Sudan. Namu sunan ya fi daɗin faɗi.

Wani kuma ya tambaya a gurguje: me ya sa ake cewa "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi", ba "gidansa" ba? Saboda a Hausa yaro ba shi da gida, sai gidansu. Gidansa wanda ya gina ne, gidansu wanda aka haife shi ne, kuma tarbiyya ake magana, abin da ka tarar ana yi. Shamuwa dai ba za ta taimaka mana da misali ba: kusan bebiya ce, a sheƙa kaɗai za ka ji ɗan fito da kaɗa baki.