Ina Almakashin Ya Shige? Amsoshin Tambayoyinku Kan Manhajojin Tace Bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗinki ce a Tudun Wada, nakan ɗauki bidiyon kayan da na ɗinka in sa a sitatus. Ƙanwata ta saka mini CapCut, na ga tana raba bidiyo biyu ta cire inda ba ta so. Ni kuwa na duba maɓallan ƙasa kaf ban ga na yankan ba. Ko tawa ce ba cikakkiya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Taki lafiyarta ƙalau, almakashin ne ba ya fitowa sai kin ɗauki yadin. Ki dubi ƙasan allo inda bidiyon ya miƙe kamar zare, hotuna ƙanana a jere. Ki taɓa shi sau ɗaya. Farin layi zai kewaye shi, kuma nan take maɓallan ƙasa za su canza. Na farko-farkonsu shi ne "Split", almakashin kenan. Ki ja bidiyon har farin tsayayyen layin nan na tsakiya ya zo daidai inda kike so, ki danna, ki sake yin haka a ƙarshen wurin, sai ki taɓa guntun da ya rage a tsakiya ki goge shi.

Wannan shi ne abin da ya fi wahalar da masu farawa, ba a CapCut kaɗai ba, har InShot da KineMaster da VN. Allon waya ƙarami ne, ba zai ɗauki kayan aiki ɗari a lokaci guda ba, don haka manhajar takan nuna miki kayan abin da kika taɓa ne kawai. Kin taɓa sauti, maɓallan sauti su fito. Kin taɓa rubutu, na rubutu su fito. Ba ki taɓa komai ba, sai ki ga kamar an kwashe kayan. Kuma jerin maɓallan nan yana da tsawo, ki riƙa jan sa da yatsa zuwa hagu, rabin dukiyar tana can ɓoye. Ƙaramar alama mai kama da lu'ulu'u da ke bayyana kusa da maɓallin kunnawa ita ake kafawa a wuri biyu don hoto ya riƙa matsowa a hankali, abin da zai yi wa aikin wuyan riga kyau ƙwarai. Babu rubutu a jikinta, shi ya sa mutum zai shekara yana kallonta bai san amfaninta ba. A ganina wannan gazawar masu ƙera manhajoji ce, ba taku ba.

Tambaya: Yallaɓai, ina ɗaukar bidiyon biki da suna a Rigasa. Na sayi kwamfuta, aka ce DaVinci Resolve ta fi kowacce kuma kyauta ce. Da na buɗe ta kaina ya yi zafi. In koma waya ne?

Amsa: Kada ka koma, ɗan'uwa, amma ka daina ƙoƙarin haɗiye ta gaba ɗaya. Kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ke da ita, kuma an gina ta ne don ƙwararru, asalinta ma ta gyaran launin fim ce kafin a ƙara mata sauran ayyuka. Shi ya sa take kamar gida mai ɗakuna da yawa, ƙofofinsu na jere a ƙasan allo. Kai uku kake buƙata yanzu: "Edit" don yanka da jerawa, "Color" idan hasken rumfar biki ya ɓata fuskar amarya, sai "Deliver" don fitar da aikin. Ɗakin "Fusion" ka bar shi a rufe sai baɗi. In har "Edit" ɗin ma ya yi maka yawa, akwai "Cut" da suka ƙara a 2019 domin aikin gaggawa.

Sai ka haddace maɓallan kibod kaɗan. J baya, K tsaya, L gaba, kuma haka suke a Premiere Pro. Ctrl da B na yanka inda ka tsaya. Ctrl da Z na mayar da abin da ka ɓata, wanda shi ne ke cire wa mutum tsoron gwaji. Na taɓa zama a wani shago kusa da Kasuwar Sheikh Gumi ina kallon wani matashi yana haɗa bidiyon walima. Hannunsa na hagu bai bar waɗannan haruffa ba, linzamin kwamfuta (mouse) kuwa sai jefi-jefi. Da na tambaye shi sunan wani maɓalli a saman allo, dariya ya yi ya ce bai taɓa danna shi ba. Aikinsa kuma ya fita tsaf.

Wata dabara: a kwamfuta, duk abin da ka rasa, ka danna masa ɓangaren dama na linzami, jerin abin da za a iya yi masa zai fito. Sai dai ka duba ƙarfin na'urarka, domin a Windows kamfanin da kansa RAM, wato ma'adanar aikin kwamfuta, mai giga 16 yake nema. Idan taka 8 ce ko 4, Shotcut ko Kdenlive za su fi yi maka sauƙi, su ma kyauta ne. Kuma da yanayin wutarmu, Ctrl da S, na adana aiki, ya zama maka ɗabi'a.

Tambaya: Ina amfani da Premiere Pro a Kawo, ban san me na taɓa ba, akwatin da nake ganin bidiyo ya ɓace.

Amsa: Bai ɓace ba, rufe shi ka yi. Shiga "Window", sai "Workspaces", ka zaɓi "Reset to Saved Layout". Komai zai koma mazauninsa, aikinka kuma babu abin da zai same shi.

Tambaya: Malam, a taƙaice wacce ta fi sauƙi ga ɗalibi? Daga Unguwar Rimi.

Amsa: A waya InShot, don maɓallanta manya ne kuma da suna a ƙarƙashin kowanne. A kwamfuta mai Windows 11 ka duba Clipchamp, galibi tana zuwa a ciki. Amma in abokin zamanka ya riga ya iya wata, ɗauki tasa. Kafin ka fara kowane aiki ka zaɓi siffar allo: 9:16 (a tsaye) don TikTok da sitatus, 16:9 (a kwance) don YouTube. In ka bari sai ƙarshe, duk rubutun da ka jera sai ka sake masa wuri.