Tambaya da Amsa: Harawa Ta Isa Ɓeran Masar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kawun yarana ya kawo musu ɓerayen Masar guda biyu. Ina ba su dusa da ɓawon kayan miya, da harawar wake da nake saya wa akuyata. Kwanan nan ɗaya ya rage cin abinci, haɓarsa kullum a jiƙe da yawu. A intanet na ga ana cewa sai ciyawar timoti, ni kuwa ban taɓa ganinta a Gombe ba. Yaya zan yi? Daga Maman Khalifa, Jekadafari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Wancan mai dalalar yawu, a kai shi asibitin dabbobi yau, kada a bari sai gobe. Haƙoran ɓeran Masar guda 20 ne, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Tauna ciyawa ce ke goge su. Idan dusa ya fi ci, turamen ciki sai su yi tsawo su danne harshe, ga abinci a gabansa amma ba halin ci. Dabbar nan kuwa cikinta ba ya jure zama wayam ko na wuni guda. Kuma don Allah kada a ba shi ragowar maganin mutane, musamman dangin fenisilin, yana iya kashe shi.

Batun timoti, ki kwantar da hankalinki. Ciyawar ƙasashen sanyi ce, shi ya sa Turawa ke ambatonta. Asalin dabbar ma daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajajen Peru, ba Masar ba. Abin da ake bukata shi ne ingirici mai kyau, ya zama kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa, yana gabansa dare da rana. Harkiya da ƙiri-ƙiri da kyasuwa duk sun yi. Kyasuwa dai a yanke ta tun ba ta fitar da kai ba, don in ta tsufa ƙaiƙayinta na shiga ido.

Harawa fa? Na san ita ce mai sauƙin samu, ko'ina a kasuwar dabbobi ta Tike za ki gan ta a ɗaure. Amma harawar wake da ta gyaɗa suna da sinadarin kalsiyam da yawa, wanda ke tara tsakuwa a mafitsarar babban ɓera. Ƙanana da mai ciki da mai shayarwa za su amfana da ita. Manya kuwa ɗan tafin hannu jefi-jefi ya wadatar.

In za ki sayi ingirici, ki buɗe tsakiyar damin, ba gefen da mai kaya ya nuna miki ba. Ki sansana. Mai kyau yana da sauran kore da ƙamshin gona. In kin ji warin gumi, ko kin ga fumfuna, ko ƙura ta tashi da kin girgiza, ki bar masa kayansa komai arha. Ki kuma tambayi inda aka yanko, saboda yanzu gonaki da yawa feshin kashe ciyawa ake musu. Ni shawarata, da kaka, wajen Oktoba, ki sa a yanko miki da yawa, a shanya a inuwa, a ɗora a bisa katako inda iska ke ratsawa. Kada a cusa a leda.

Sai bitamin C. Jikin ɓeran Masar ba ya haɗa shi, kamar dai namu, don haka kullum sai an ba shi: yankan koren tattasai, ɗan gwaiba, ɗan latas. Karas kaɗan saboda zaƙi. Albasa da tafarnuwa da ɓawon dankalin turawa, ki tsince su daga kayan miyan nan kafin ki zuba musu.

In zafin Maris da Afrilu ya zo, ki ɗauke kejin daga ƙarƙashin kwano ki kai ɗaki mai iska, ki riƙa sauya musu ruwa safe da yamma.